Teku, dusar ƙanƙara da rigimar farin fenti

Abu biyu nake zanawa idan na samu sarari, teku da kuma hotunan hunturu irin waɗanda ake bugawa a katin gaisuwar Kirsimeti da sabuwar shekara ɗin nan, gida cikin dusar ƙanƙara, taga tana haske, yara suna zamiya a kan tafkin da ya daskare. Ba sana'ata bace, ban yi makarantarsa ba, sha'awa ce kawai ta kama ni ta ƙi saki. Wasu sukan ce min wai ni ba ni da tsayayyen layi, yau ruwa gobe ƙanƙara, me ya haɗa su? To ni dai a wurina aiki ɗaya ne wallahi, saboda duk biyun rigimarsu guda ce, farin fenti. Kumfar igiyar ruwa fara ce, dusar ƙanƙara fara ce, haka ido yake gaya maka, sai mutum ya matso fari da yawa ya yi ta laftawa, ya ja da baya ya duba ya ga abu ya mutu murus, ba zurfi, ba sanyi, ruwan ma bai yi kama da mai jiƙa mutum ba.

Dalilin ba wani boyayye bane. A waje rana ce ke haska komai, kuma sabuwar dusar ƙanƙara tana iya mayar da sama da kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, shi ya sa take kashe ido. Kai kuma ba ka da rana a kan ƙyallenka, abin da ya fi komai haske a hannunka shi ne farin fentin nan na cikin tub, wato kwanson da ake matso fenti daga ciki, daga shi babu gaba. Idan ka kashe shi a ko'ina, to da me zaka nuna wurin da rana ta bugi kan igiya ko ta zauna a kan rufin gida? Babu. Dole ka rage hasken duk sauran abubuwa, ka sauke su ƙasa, domin ɗan farin da zaka ɗiga a ƙarshe ya samu abin da zai tsaya a kai ya yi ƙyalli. Ni yanzu idan zan fara aiki, farin ma nesa nake ajiye shi, sai na kusa gamawa nake matso na gaske.

Bari in fara da teku tunda shi na fi daɗewa a kai. Maganar cewa teku shuɗi ne gaskiya ce amma rabi. Ruwa yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke iya nutsawa can ƙasa ya dawo, shi ya sa ruwa mai zurfi yake shuɗi mai duhu. Amma da ka matso kusa da gaɓa inda ruwan bai da zurfi, yashin ƙasa yana leƙowa, ga laka da ƙananan tsirran ruwa, sai kalar ta juya kore, wani wurin ma ruwan ƙasa-ƙasa. Sannan ga sama, fuskar ruwa tana ɗaukar kalar abin da ke samanta, ranar hadari teku ruwan toka yake komawa, da almuru kuma ya ɗauko ja da ruwan lemo. Saboda haka ni sama nake fara zanawa, in gama da ita, sannan da ragowar kalar da ta saura a kan allon haɗa kala nake shiga ruwa. Idan ka wanke allo tas ka haɗa sabon shuɗi daban don ruwa, zaka ga sama da teku ba sa ga maciji da juna a cikin hoto ɗaya.

Layin da sama ta haɗu da ruwa kuwa, dan Allah a miƙe shi. Komai zai iya karkacewa a zanen teku a yafe, jirgi, dutse, gajimare, amma banda wannan layin, ko yaro ya kalla zai ji kamar ruwan zai tsiyaye ta gefe. Ni rula nake sawa da tef ɗin takarda, ba kunya. Kuma kada a yi shi da kaifi sosai, mutumin da ke tsaye a bakin teku abin da yake hangowa can ƙarshe bai wuce kusan kilomita 5 ba, amma tsakaninsa da wurin akwai tururi da hazo, to layin a ɗan dushe yake. Wani abu kuma da masu farawa ke yi shi ne jera igiyoyin ruwa reras, tsayi ɗaya tazara ɗaya kamar kunyoyin gona. Teku ba ya haka. Na nesa sirara ne, a matse da juna, kusan layuka ne kawai, suna matsowa suna girma suna buɗewa, kuma ko cikinsu akwai babba akwai ƙarama akwai wadda ta karye tun ba ta iso ba.

Inda daɗin yake shi ne igiya ɗaya babba da ta taso tana shirin faɗuwa. Ga yadda nake bi da ita. Gindinta, wurin da ruwan ya yi kauri, nan ne ya fi ko'ina duhu, shuɗi mai duhu da ɗan ruwan ƙasa a ciki don ya karya shi kada ya yi ihu. Ina hawa sama ina ƙara kore, saboda ruwan yana sirancewa, har in zo dab da leɓenta inda haske ke ratsawa ta baya, wurin nan kore ne mai haske da ɗan rawaya, kuma shi ne idon hoton gaba ɗaya, idan ka same shi daidai mai kallo zai ji ruwan a jikinsa. Buroshi kuma dole ya bi lanƙwasar igiyar, daga ƙasa ka jawo shi sama ka lanƙwasa, kada ka shafa a kwance. Sai kumfa. Kumfar nan da ake rantsuwa fara ce, ka tsaya ka kalle ta da kyau, yawancinta inuwa ce, ruwan toka mai sirkin shuɗi, wani wurin har da ɗan ja-ja a ciki. To da wannan tokar nake gina jikin kumfar duka, in bar ta ta ɗan sha iska, sannan in ɗauki wuƙar fenti in lakato fari mai kauri in dangwala a saman kawai, ɓangaren da ke fuskantar rana, wuri uku ko huɗu, shikenan in ɗauke hannu. Wannan ɗauke hannun shi ne wahalar, domin hannu ƙaiƙayi yake yi, yana so ya ƙara. Akwai kuma siraran zaren kumfa da ke kwance a bayan igiya da gabanta, su ne ke nuna wa ido inda ruwan ya nufa, ana jan su da siririn buroshi, fentin a tsinke, kuma su ma ba farare tas bane. Yashin da ruwa ya janye daga kansa yanzun nan ya fi busasshe duhu, kuma yana ɗaukar hoton sama, ɗan shafa kalar sama a kai kawai sai ka ga ya jiƙe.

Duk mai son zanen teku ya nemi aikin Ivan Aivazovsky a intanet ya zauna ya kalla. Ɗan asalin Armeniya ne, an haife shi a Feodosia da ke bakin Baƙin Teku a 1817, ya rasu a 1900, kuma ya bar zane kusan 6,000, yawancinsu teku. Abin da ya fi ba ni mamaki a kansa shi ne ba a bakin ruwa yake zama ya zana ba, kallo yake yi ya adana a kai, ya koma ɗakin aikinsa ya fito da shi, tunda igiya ba za ta tsaya ta jira ka ba. Shahararren aikinsa na 1850, wanda ake kira Igiya ta Tara, yana gidan tarihi a Saint Petersburg ta Rasha, faɗinsa ya wuce mita 3, mutane ne suka maƙale a jikin karyayyen itacen jirgi bayan guguwar dare, rana tana fitowa. Ka duba shi ka nemi fari zalla, kaɗan zaka samu. Rawaya ce, ruwan lemo ne, kore ne, amma hasken da ke ciki sai ka ji kamar ka kare idonka.

Shi kuma Hokusai na Japan ta wata hanya ya bi. Babbar igiyar nan tasa da kowa ya taɓa gani ko a riga ko a bangon waya, wajen 1831 ta fito, lokacin yana da shekara kusan 70, kuma bugu ne da sassaƙaƙƙen katako ba zanen buroshi ba. Shuɗin da ya yi amfani da shi, wanda ake kira shuɗin Prussia, a Berlin aka fara gano shi wajen 1706, a lokacin daga waje ake shigo da shi Japan. Farin kumfar kuwa mafi yawansa takardar ce kawai aka bari ba a taɓa ba. Masu fentin ruwa har yau haka suke yi, farinsu takarda ne, sai dai su zagaye shi su kiyaye shi tun daga farko, wanda ya rufe shi ya rasa shi. Ka lura kuma da tsaunin Fuji can baya, ƙarami, da ƙanƙara a kansa, feshin igiyar yana zubowa ta samansa har ka rasa ruwa ne ko dusar ƙanƙara ce. Turner na Ingila ma ya haɗa biyun a 1842, jirgin ruwa mai tururi a bakin tasha cikin guguwar dusar ƙanƙara, komai yana juyawa, ba ka gane inda teku ya ƙare sama ta fara. Masu suka a lokacin suka ce ai wannan kumfar sabulu ce da farar ƙasa. Akwai labarin wai sai da ya sa aka ɗaure shi a jikin itacen jirgi awa huɗu don ya ga guguwar da idonsa, masana tarihi dai da yawa ba su yarda da labarin ba, ni ma ina ganin an ƙara masa gishiri, amma zanen kam ba ƙarya a cikinsa.

To mu shiga hunturu. Wanda ya buɗe min ido a nan Claude Monet ne na Faransa, da wani zane da ya yi a sanyin 1868 zuwa 1869 kusa da garin Étretat na Faransa. Ba komai a ciki fa, shinge ne da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, bishiyoyi, gida can baya, sai wani baƙin tsuntsu shi kaɗai a kan ƙyauren shingen. Amma inuwar da shingen ya shimfiɗa a kan ƙanƙarar shuɗiya ce mai sirkin ja, ba baƙa ba, ba toka ba, wurin da rana ta taɓa kuma akwai rawaya-rawaya da ruwan hoda. Alƙalan babban baje kolin zane na Paris suka ƙi karɓarsa a 1869. Yau yana rataye a gidan tarihi na Orsay da ke Paris mutane suna layi a kansa, ka ji duniya. Kuma mutumin ba ƙirƙira ya yi ba, abin da ke wurin ya gani. Inda rana ta samu, hasken rana ne mai ɗumi ke sauka, inda aka tare ranar kuma ba duhu bane ya rage, hasken shuɗiyar sama ne ke cika wurin, tunda ƙanƙarar ba ta da kalar kanta sai ta nuna abin da aka ba ta. Shi ya sa baƙin fenti ba shi da aiki a inuwar dusar ƙanƙara, da ka sa shi zata koma datti.

Ni yadda nake yi, ƙyallen ma ba na barinsa fari, nakan shafe shi da wata kala marar nauyi tukuna, toka mai ɗumi ko ruwan ƙasa a tsinke, don in riƙa ganin hasken da nake sawa. Sai in haɗa kala uku na ƙanƙara, ta inuwa, ta tsaka-tsaki, da ta rana, kuma ta ranar ma sai na ɗiga mata rawaya kamar kan allura, fari zalla sanyi gare shi, ba ya nuna rana. Farin ma iri-iri ne, na sinadarin taitaniyam da ya shigo kasuwa wajen 1920 yana rufe duk abin da ke ƙasansa, na sinadarin zink kuma shara-shara ne, ya fi dacewa da hazo da tururin baki. Wani abu da ya kamata mai akirilik, wato fentin nan mai saurin bushewa, ya sani, fentinsa yana ƙara duhu idan ya bushe, na ruwa kuma haske yake ƙarawa, to kada ka yanke hukunci a kan jiƙaƙƙen fenti.

Hoton dare na lokacin biki, irin na gida da taga mai haske, a nan ne dokar ta fi fitowa fili. Duk hoton shuɗi ne da duhu, rufi, ƙasa, bishiyoyin da ƙanƙara ta danne rassansu, dusar ma da dare ta fi yadda kake zato duhu nesa ba kusa ba. Sai taga ɗaya ko biyu, ruwan lemo a gefe-gefe, rawaya a tsakiya. Abin da ke sa tagar ta kama wuta ba fentin cikinta bane kaɗai, hasken da ta zubo waje ne, wani ɗan fili mai ɗumi a kan ƙanƙarar da ke ƙasanta, yana dushewa yana shiga shuɗi a hankali, da ɗan ja-ja a gefen reshen da ke kusa. Idan akwai bishiyar Kirsimeti da ƙananan fitilu a waje, kowace fitila ɗigo biyu ce, babba mai dushi-dushi a ƙasa, ƙarami mai haske a kansa. Kada ka haska duk tagogin gidan, bar wasu a kashe, gidan da kowace taga ke ci ba ya kama da gidan da mutane ke ciki. Hayaƙin da ke fita ta bututun rufi kuma a ɗan karkata shi, shi kaɗai ya isa ya nuna akwai iska.

Mutane fa? Nan da yawa suke tsorata su bar hoto wayam. Ba sai ka iya zana fuska ba. Pieter Bruegel a zanensa na mafarauta cikin dusar ƙanƙara na 1565, wanda ke Vienna ta Ostiriya, mafarautan bayansu suka ba mu, baƙaƙe ne kusan, su da karnukansu sun gaji suna gangarawa, can ƙasa kuma masu wasa a kan ƙanƙara 'yan ɗige-ɗige ne. Hendrick Avercamp na Holan, wanda aka haifa a 1585 ya rasu a 1634, bebe ne, ya shafe kusan duk rayuwarsa yana zana jama'a a kan daskararrun koguna, wannan ya faɗi, waɗancan suna hira, wani yana jan kaya, ka yi ta kallo ba ka gama ba. Duhun tufafinsu ne ke ƙara wa ƙanƙarar fari. Ni mutum a hoton hunturu shafa biyu ne da ɗigo, jiki, ƙafa, kai, sai in sa wa ɗaya jan mayafin wuya, ɗaya tak, ido zai je can da kansa.

Dusar da ke zubowa ita ce ta ƙarshe kuma ita ce mai haɗari. Tsohon buroshin goge baki ake tsomawa a tsinkakken fenti a karce shi da babban yatsa ya yi feshi. A fara gwadawa a kan wata takarda daban, a kwantar da zanen a ƙasa, a rufe wuraren da ba a so ya taɓa musamman tagar nan. Kuma feshin ya zama kala biyu, mai toka-toka ƙanana na nesa, sai 'yan manya masu haske na kusa da za'a ɗiɗɗiga da hannu. Akwai masu barbaɗa ƙyalƙyali a kai, ni gaskiya ba ya burge ni, amma ba zan yi dogon baki ba tunda Grandma Moses ta Amurka ta yi. Matar nan manomiya ce, an haife ta a 1860, sai da ta haura shekara 70 sannan ta kama zane gadan-gadan bayan ciwon gaɓoɓi ya hana ta ɗinkin ado, ba malami ba makaranta, ta yi ta zana ƙauye da hunturu da bukukuwa har kamfanin Hallmark ya riƙa buga aikinta a katin Kirsimeti, ta rasu a 1961 tana da shekara 101. Wadda ta kai nan in ta ga dama ta barbaɗa, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na san akwai masu raina irin wannan zane, su ce ai hoton kati ne, ba fasaha bace ta gaske. Katin ma ai da tarihinsa, na farko da aka buga don sayarwa a Landan ne a 1843, Henry Cole ya sa John Callcott Horsley ya zana masa, aka buga 1,000, kuma abin dariya ko ƙwayar dusar ƙanƙara babu a ciki, iyali ne zaune a teburi, gefe da gefe ana taimakon mabuƙata. Daga baya ne ƙanƙara da bishiya da taga suka mamaye. Ni abin da na sani shi ne wanda ya iya sa farin rufi ya rabu da farar ƙasa da farar sama a cikin ɗan hoto mai faɗin tafin hannu, ya iya wani abu, ko a kati aka buga ko a ina.

Sai maganar kyamara, domin yawancinmu daga hoto muke zanawa kuma da waya muke ɗaukar abin da muka gama. Kyamara ba ta da amana a kan fari. Ko dai ta mayar da ƙanƙara toka, ko ta ƙone ta ta zama fari fat babu komai a ciki, inuwa kuma ta maida ita baƙa ƙirin, haka take yi wa kumfar teku ma. To idan kana kwafa daga hoto, ɗauki siffa da tsari a wurinsa, kala kuma ka yi aiki da abin da ka sani, ka buɗe inuwar ka mayar mata da shuɗinta. Na teku kuma bidiyo ya fi hoto amfani, ka sa shi a hankali ka ga yadda igiya ke tasowa da yadda take karyewa, ka maimaita har hannunka ya riƙe. In za'a ɗauki zanen da aka gama, a kai shi inuwa da rana, kada a kunna filasha, kuma a ɗauka kafin a shafa masa banish, wato man sheƙin da ke kare zane, don kada ya yi ƙyalli. Wanda kuma ke son ya buga nasa ya zama katin gaisuwa ya raba wa 'yan uwa da abokai, ya fara buga guda ɗaya ya gani tukuna, saboda firinta takan ƙara wa shuɗin inuwa ƙarfi ta kuma cinye rawayar nan 'yar kaɗan da ke kan ƙanƙara, sai an ɗan gyara a kwamfuta, kuma takarda marar sheƙi ta fi karɓar irin wannan hoton.